Gudun Fanfalaƙin Littafi: Yadda Labarin Daura Ya Zaga Duniya Kafin Ya Waiwayi Gida

 Ga waɗanda data ba ta barin su su saurari murya, ga shirin namu a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau a Daura za mu yini, kuma maganar littattafai za mu yi. Amma ku yi haƙuri, da gudu zan fara, za ku ga inda zancen zai haɗe.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawa a Daura, ko Hawan Magajiya ne ko na Sallar Gani, idonsa a kan dawaki da rawuna da lifida yake. Ba kasafai ake kula da mutanen da ke ƙasa ba, wato zagage, masu tafiya gaban dokin sarki da gefensa. A yau aikinsu bai wuce zagaya gari ba. A da kuwa, in sarki zai yi tafiyar kwana da kwanaki, zagi da ƙafarsa zai bi, doki na sauri yana sauri, doki na sassarfa yana sassarfa. Haka nan manzannin da ke kai takarda daga wannan fada zuwa waccan, wani a kan doki, wani a ƙafa. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakuna daga ko'ina suka aiko. Daga baya wani Bature mai suna Backwell ya buga fassararsu a Ikko a 1927. To kowace ɗaya daga cikin wasiƙun nan, mutum ne ya rataya ta, ya keta daji da ita. Su kansu Turawan, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da masu ɗaukar jakar wasiƙa a ƙafa suka dogara.

Ku auna da kanku. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne. Gudun fanfalaƙi, wanda wasu ke kira gudun yada ƙanin wani, tsawonsa kilomita 42 da mita 195. Ke nan wanda aka aika Katsina daga Daura ya yi kusan fanfalaƙi biyu, babu takalmin gudu, babu mai miƙo masa ruwan roba a hanya, kuma babu lambar yabo a ƙarshe. Iyakar abin da za a tambaye shi: saƙo ya isa?

Abin mamaki, shi ma gudun fanfalaƙin na Turawa daga ɗan aike ya samo asali. Labarin da ake bayarwa shi ne, a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa sun yi nasara a kan Farisawa a wani fili da ake kira Maraton, sai wani ɗan aike ya sheƙo da gudu har birnin Atina, ya faɗi albishir, ya faɗi ya mutu. Masana tarihi suna da ja a kan wannan, domin Herodotus, wanda ya fi kusa da zamanin, gudun da ya ba da labari daban ne, daga Atina zuwa Sparta neman gudunmawa. Ƙarnoni bayan haka ne labarin mutuwar ɗan aiken ya bayyana a rubuce. Amma labarin ya riga ya yi daɗi, da shi aka kafa tseren a gasar Olamfik ta farko a 1896. Abin da nake so ku riƙe daga nan shi ne, wancan mutumin ba don motsa jiki ya yi gudu ba. Magana ya ɗauko, kuma da ya faɗi a hanya kafin ya iso ƙofar gari, da gudun nasa ya tashi a banza. Littafi ma haka yake, ɗan aike ne. Ba ranar da marubuci ya ajiye alƙalami aka gama ba, ba kuma ranar da injin ya tofo shi ba. Sai ranar da ya shiga hannun wanda aka yi shi dominsa. In muka bi tarihin Daura da wannan ma'auni, za mu ga abin da zai ɗan sosa mana rai.

Babu labarin da ya kai na Daura yawo a ƙasar Hausa. Yaron firamare a Maraɗi ya san shi, ɗan Zango a Kumasi ya ji shi. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya sauka Borno, ya auri 'yar sarki, ya ga alamar makirci ya gudu, ya bar matarsa a Garun Gabas, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura cikin dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a, ya je rijiyar Kusugu ya sare kan macijiya, ya auri Daurama, aka haifi Bawo. Kun ga shi kansa labarin na matafiyi ne, mutumin da bai zauna wuri ɗaya ba sai da ya zo Daura. Ba yau za mu shiga gardamar ko ya faru ko bai faru ba. Farfesa Abdullahi Smith ya yi wannan muhawara tun 1970, ɗalibinsa Dokta Yusufu Bala Usman ya ɗora, wasu kuma suka mayar musu da martani. Abin da ya dame mu yau shi ne, da wace ƙafa labarin ya yi tafiya?

Da baki ya fara, wannan ba shakka. Maroƙa da makaɗan fada da tsofaffi su ne suka riƙe jerin sunayen sarakuna, uba ya ba ɗa, kamar gudun miƙa sanda. Sannan malamai suka sa shi a takarda da Larabci. A wancan zamani littafi ba a buga shi, kwafarsa ake yi da hannu, harafi bayan harafi, da alƙalamin kara da tawada. In kana son littafi, ko ka zauna ka kwafa da kanka, ko ka biya mai kyan hannu ya yi maka, wata da watanni. Takardar ma baƙuwa ce. Yawancin tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar nan na ƙarni na 19, in ka ɗaga ganyen ka haska shi a rana, za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku. A Italiya ake yin ta, ta tsallako teku zuwa Tarabulus, ta hau raƙumi ta keto Sahara. Tun kafin a ɗiga mata tawada ta riga ta yi tafiyar watanni. In an gama rubutu a sa a gafaka, almajiri ya rataya, duk garin da ya sauka neman karatu littafin ya sauka tare da shi.

A 1812 Muhammadu Bello ɗan Shehu, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, ya rubuta Infaƙul Maisuri. A ciki ya kawo zancen ƙasashen Hausa bakwai, da Daura a cikinsu, ya kuma ambaci Bawo. Sai dai a ruwayar da ta iso masa, Bawo bawan Sarkin Borno ne, abin da Daurawa ba za su taɓa sa hannu a kai ba. Ku tuna kuma lokacin da aka yi rubutun. Shekaru kaɗan kafin nan, wajen 1805, Malam Isiyaku ya ci Daura da tutar jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, zuriyar tsohon gidan sarauta ta yi ta gewaye har ta kafu a Zango da Baure. Kimanin shekara 100 suka yi a waje kafin Turawa su dawo da Malam Musa daga Zango su ɗora shi a gadon Daura a farkon ƙarni na 20. Wato a daidai lokacin da ake sa sunan Daura a littafi, masu labarin suna kan hanya, ba su da zaman rubutu.

To ga inda abin ya ba ni mamaki ranar da na fara sanin sa. A 1824 wani Baturen Ingila, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Bello. Da zai koma ya tafi da wani yanki da aka kwafa masa daga Infaƙul Maisuri, ɓangaren da ke bayanin ƙasashe. Ya keta Sahara da shi, aka fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Landan a 1826 a ƙarshen littafin tafiyarsu shi da Denham. Ku lissafa: shekara 14 kacal bayan rubuta shi, mai kuɗin sayen littafi a Landan yana iya karanta sunan Daura a bugun inji. Bahaushen da bai iya Larabci ba kuwa, sai da ya jira har shekarun 1970 kafin ya sami Infaƙul Maisuri a harshensa. Sama da shekara 150. Ɗan aike ya kai saƙo gidan baƙo, ya manta da gidan da aka aike shi.

Kuma ba sau ɗaya aka yi haka ba. A 1910 wani jami'in mulkin mallaka, Arnett, ya fassara wata takardar tarihi da ake kira Daura Makas Sariki, ya buga ta a wata mujalla a Landan. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya fitar da kundi uku na tatsuniyoyi da labaran Hausa, da Hausa aka rubuta su, amma a ina aka buga? A Belfast, can arewacin Ailan. A 1928 Palmer, wanda ya yi Razdan a Katsina, ya buga nasa kundin uku a Ikko, da labarin Bayajidda a ciki, da Turanci. Ba ina cewa ba su yi aiki ba, sun yi, kuma wasu abubuwan da ba don su ba da gara ta cinye. Amma ba don mutumin Sandamu ko Mai'aduwa suka rubuta ba. Don junansu suka rubuta, sabon Di'o ya karanta ya san mutanen da zai mulka.

Wanda ya fi kowa doguwar tafiya da tarihin Daura shi ne M. G. Smith, kuma labarinsa ya cancanci mu ɗan zauna a kai. Ba Baturen Ingila ba ne kamar yadda wasu ke zato, mutumin Jamaika ne, an haife shi a Kingston a 1921, mawaƙi ne ma a ƙuruciyarsa, ya kuma yi soja a yaƙin duniya na biyu. Ya fara zuwa ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950 tare da matarsa Mary, wadda ta zauna da wata tsohuwa ta rubuta tarihin rayuwarta, littafin nan Baba of Karo da ya fito a 1954. Shi kuma ya fitar da nasa a kan sarautar Zazzau a 1960. Tsakanin 1958 da 1959 ya dawo ya zaga Kano da Katsina da Sakkwato da Daura, yana zama da dattawa da masu sarauta, yana tambaya, yana rubutawa. A lokacin Sarki Abdurrahman ne a kan gado, wanda ya hau tun 1911, kuma akwai sauran tsofaffin da suka ga zaman Zango da Baure da idonsu, suka san yadda aka yi da Damagaram. Ya zo a kan gaɓa, domin da ya ƙara shekara goma da yawansu sun kwanta dama.

To yaushe littafin ya fito? Sai 1978. The Affairs of Daura, shafi sama da 500, maɗaba'ar Jami'ar Kalifoniya a Amurka. Shekara kusan 20 tsakanin zaman da ya yi da dattawan Daura da fitowar littafin. Sarki Abdurrahman ya rasu tun 1966, Sarki Muhammadu Bashar ya riga ya shekara 12 a kan karaga. Mutanen da suka ba shi labari, mafi yawansu ba su ga abin da aka yi da maganarsu ba. Na Kano ma ya fi haka jinkiri, sai 1997 ya fito, shekara 4 bayan rasuwar Smith ɗin kansa a 1993. Wannan shi ne fanfalaƙin gaske, mutum ya yi ta gudu har ya faɗi, wasu su ɗauki sandar su ƙarasa masa.

Ina girmama wannan naci, wallahi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Littafin da ya fi kowanne zurfafa bayani a kan sarautun Daura, wane ne Galadima, mene ne aikin Ƙaura, ina matsayin Magajiya, yadda gida ɗaya ya rabu uku ya sake haɗuwa, da Turanci yake, Turancin ma mai tauri na malaman jami'a, kuma a wata nahiyar aka buga shi. Ɗalibar sakandare a Baure da ke son sanin tarihin garinsu, ta ina za ta kama? Tsakaninta da maganar kakanninta akwai teku, akwai dala, akwai ƙamus.

Masu gudun fanfalaƙi suna da wani wuri da suke tsoro, wajen kilomita 30 zuwa 35. A nan ne abincin da jiki ya tanada a tsoka yake ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, kai ya fara ce maka zauna. Suna kiran wurin bango. Da yawa ba a farkon tsere suke faɗuwa ba, a nan suke zubewa, bayan sun ci kashi uku cikin huɗu na hanya. A harkar littafin Hausa, bangon nan ba rubutu ba ne, ba ma bugu ba ne. Rarrabawa ce, wato fitar da littafi daga ɗakin ajiya zuwa hannun mai karatu, da dawo da kuɗin zuwa aljihun wanda ya yi wahala. Tarihin buga littafi a Arewa kusan duk labarin cin karo da wannan bango ne.

Mu duba. Hukumar Fassara da aka kafa wajen 1930 ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East. A 1933 aka sa gasa, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, dukansu a Katsina suke a lokacin, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945. Sannan a farkon shekarun 1950 aka zo da NORLA don ta ciyar da yaƙi da jahilci. NORLA ta fito da gudu kamar an sako ɗan maraƙi. Ƙananan littattafai barkatai, na kiwon lafiya, na noma, na waƙoƙi, na tarihin garuruwa irin su Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, ga jaridun larduna, Sodangi a Kano, Zaruma a Sakkwato, Himma a lardin Katsina inda Daura take. Amma kafin 1960 ta rufe. Bugawa ta fi sayarwa yawa, kaya suka taru, kuɗi ba su dawo ba. Sauri ya haifi nawa.

A 1966 aka kafa NNPC, ba ta man fetur ba don Allah, kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya, haɗin gwiwar Kamfanin Gaskiya da Macmillan ta Ingila. Ita ta gano inda kasuwa take: makarantu. In littafinka ya shiga manhaja ka tsira, za a yi ta sake buga shi. In bai shiga ba, rubutunka na iya kwana shekaru a durowar edita. Ta wannan hanyar ta Zariya ce 'yan Daura suka shiga fagen. Sa'idu Ahmed Daura ya rubuta Tauraruwar Hamada, wanda ɗaliban Hausa suka daɗe suna karantawa. Bello Daura tare da Ibrahim Madauci da Yahaya Isa suka fitar da Hausa Customs a 1968, a kan al'adun aure da haihuwa da sauransu. Ku lura, marubucin yana Daura ko ya fito daga Daura, injin yana Zariya, mai yanke hukuncin ko a buga ko kar a buga yana Zariya, wani lokacin ma yana Landan.

Alhali kuwa akwai wasu mutane a gefe da suka daɗe da tsallake bangon nan ba tare da kowa ya yi musu tafi ba. Je kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ko bakin kowane masallacin Juma'a a masarautar nan. Za ka ga dattijo ya shimfiɗa buhu ko tabarma, ya jera Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Ishiriniya, ga tasbaha ga turare a gefe. Daga Kasuwar Kurmi ta Kano ya saro, wasu bugun Kano ne, wasu na Alƙahira ko Bairut. Ba shi da tallafin gwamnati, ba shi da motar kamfani, amma kayansa suna kaiwa ƙauyen da ma'aikacin NORLA bai taɓa jin sunansa ba, har su tsallaka Kongolam su shiga Nijar. Me ya sa? Don ya san wanda zai saya, ya san ranar da zai zo kasuwa, ya san abin da aljihunsa zai iya. A ganina wannan dattijon shi ne magajin zagi da manzon da muka fara da su, kuma shi ne wanda masu digiri a harkar ɗab'i ya kamata su je su ɗauki karatu a wurinsa.

Matasan shekarun 1980 sun ɗauki wannan karatun, ko da saninsu ko ba da saninsu ba. Tattalin arziki ya karye, tsarin SAP na 1986 ya zubar da darajar naira, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku suka fara tangal-tangal, manyan kamfanoni suka ja da baya suka tsaya kan littattafan makaranta. Sai marubuta suka ce, zuwa da kai ya fi aike. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a 1984, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Funtuwa daga nan jihar Katsina, da ɗaruruwa a bayansu. Marubuci shi ne edita, shi ne mai biyan ɗan maɗaba'a, shi ne mai ɗaukar katan a kan babur zuwa kasuwa. Dabarar raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, ba don ado aka yi ta ba. Kuɗin na ɗaya ne zai buga na biyu, kamar mai gudun da ke auna numfashinsa daga wannan gari zuwa na gaba. Littattafan suka bi motocin kasuwa daga Kano ta Kazaure zuwa Daura, aka buɗe shagunan haya, kwafi ɗaya ya zaga gidan aure goma har bangonsa ya cire, aka riƙa karanta su a rediyo. Malaman jami'a suka kira shi Adabin Kasuwar Kano, wasu da raini suka faɗa. To amma dai a karon farko littafin hira na Hausa ya isa inda aka aike shi ba tare da umarnin hedimasta ba.

Kar ku ɗauka kowa ya ci riba. Ɗan kasuwa yakan karɓi kaya a kan sai an sayar a biya, marubuci ya yi ta sintiri a kan kuɗinsa har takalmi ya cinye. Akwai wanda na sani da ya sayar da ɗan filinsa ya buga littafi, yau shekara da shekaru katan-katan suna ƙarƙashin gado, matarsa na ɗaukar ɗaya-ɗaya tana hura gawayi. Waɗanda suka daure kuwa, wasunsu sun ga abin da ba su zata ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat ya fito a 1990. Shekara 22 bayan haka, a 2012, wani ƙaramin kamfani mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Kun ga bambancin da Infaƙul Maisuri ko littafin Smith? Wannan sai da ya gama zaga ɗakunan matan Hausa tukuna ya fita waje.

Akwai wani marubuci ɗan Japan, Haruki Murakami, wanda ya fara gudu a 1982 bayan ya rufe shagonsa ya koma rubutu kaɗai. Ya taɓa bin hanyar Atina zuwa Maraton shi kaɗai cikin zafin rana, kuma a 2007 ya fitar da littafi sukutum a kan yadda gudu ya koya masa zaman rubutu. Na yarda da shi a kan juriya. Sai dai shi in ya miƙa rubutunsa ya gama nasa, akwai kamfani da masu fassara da shaguna da za su karɓa. Ko Eliud Kipchoge na Kenya, ranar da ya yi fanfalaƙi cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, ba shi kaɗai ya yi ba. Masu gudu 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna tare masa iska, ga mota a gaba tana haska masa layin da zai bi. Marubucin Hausa ya fi kama da Abebe Bikila na Habasha a Rum a 1960, wanda ya ci zinare ba takalmi a ƙafarsa. Abin alfahari ne, amma ba tsari ba ne da za a ce kowa ya bi.

Yanzu ga mu a zamanin waya. Yarinya a Zango za ta rubuta shafi da daddare, kafin asuba an karanta shi a Jidda da Agadas. Wattpad, WhatsApp, Facebook, ga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 tana fito da mata marubuta. Nisan da ya gagari NORLA ya zama danna maɓalli ɗaya. Amma bangon bai rushe ba, matsawa ya yi. Marubuciya ta sa 'yan ɗaruruwan naira a kan littafinta, mutum ɗaya ya biya, ya tura wa zaure goma kyauta, wani ma ya goge sunanta ya sa nasa, wani ya karanta a YouTube ya ci kuɗin talla. Kuma abin da ke kan waya ba shi da tabbas. OkadaBooks, manhajar da marubutan Nijeriya da yawa suka zuba littattafansu a kai, ta rufe a 2023. Takardar mai jinjirin wata uku ta shekara 200 tana nan ana karantawa, amma littafin da aka sa a wani zauren WhatsApp shekara biyar da suka wuce, nemo shi ka gani.

Sannan ku duba abin da ake turawa a kan tarihin Daura a waɗannan shafuka. Kusan kullum sakin layi biyar ne na Bayajidda da macijiya, wannan ya kwafa daga wancan, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Shekara 100 na zaman Zango da Baure, mulkin Fulani a birni, cinikin da aka yi da Damagaram, yadda iyakar Ingila da Faransa ta raba ƙasar Daura ta bar wani yanki a Nijar, shekara 55 na Sarki Abdurrahman, duk suna kwance a cikin littafin Turanci da takardun Larabci da kawunan tsofaffin da ke raguwa kullum. Yau a Daura akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, akwai jami'ar sufuri, akwai kwalejin Yusufu Bala Usman, cike da matasa masu Turanci da Larabci da Hausa, kowa da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Smith da ya zo daga Jamaika, littafin rubutu da alƙalami ya riƙe.

Wanda duk yake da kaka ko kakan da ya haura 80 a Daura, Zango, Baure, Sandamu ko Mai'aduwa, ya je ya gaishe shi a wannan makon, ya kunna waya, ya tambaye shi sunan unguwarsu daga ina ya samo asali, da wanda ya fara zama a gidansu. In kun ɗauko, ku turo mana ta akwatin saƙo, za mu saurara, mu sa wasu a shiri na gaba da izinin masu maganar. Sai mun ji daga gare ku, wassalamu alaikum.